Minti Takwas

Ranar Talata a Aboabo wuta ta ɗauke, yadda ta saba.
Fankar aji ta yi juyi biyu ta tsaya,
kamar tsohuwar da kiɗa ya ƙare mata a tsakar fili.
Na ce, ku rufe littattafai.
Malamarku ta yau tana waje,
ta girme ni, ba ta karɓar albashi,
ba ta taɓa shiga yajin aiki ba.

Su arba'in da uku suka fito,
da Inusa mai takalmi ɗaya ja ɗaya baƙi.
Na kafa sandar tsintsiya kusa da famfon da ba ya ruwa,
muka zana bakin inuwarta da alli.
Kada wanda ya ɗaga kai ya dube ta, na ce,
ba a haɗa ido da ita.
Ku tambayi inuwa, ita ce 'yar aikenta.

Na ce tauraruwa ce, kusanci ya sa ta yi ƙiba.
Na ce duniya miliyan guda za su shige cikinta da sauran wuri.
Mutawakilu ya ce, har da Kejetia?
Har da Kejetia, da tireloli, da masu kiran fasinja.
Aka yi dariya. Inuwa ta matsa kamu ɗaya ba wanda ya gan ta.

Sai na ciro abin da na ɓoye a jaka:
faifan sola mai tsaga a kusurwa,
wani bakanike a Suame ya bar mini shi sidi talatin,
da ƙaramar mota ta tsohuwar rediyo,
da fiffiken da na yanka daga gwangwanin madara.
Waya ja, waya baƙa.
Fiffike ya yi rawar sanyi, ya yi shawara da kansa,
sannan ya kama gudu.
Adiza ta sa tafin hannu bisa faifan, ya tsaya.
Ta janye, ya tashi.
Sau bakwai ta yi, tana kallona ta wutsiyar ido,
ko ina da wani asiri a aljihu.

Haskenta, na ce, minti takwas yake yi a hanya
kafin ya sauka a goshinku.
Nan surutu ya mutu.
Fuseina, wadda ba ta magana tun farkon zango,
ta ce, Malam, ashe ranar da muke gani ta ɗazu ce?
Na ce ta ɗazu ce.
Ta ce, kamar muryar babana in ya kira daga Italiya,
ina ji yana dariya, shi kuwa ya riga ya gama.

Ban karanta wannan a kwaleji ba.
Na tsaya da alli a hannu.
An ce rana ba ta ƙarya.
Ba ta yi, amma labarinta kan iso a makare,
kuma duk da haka yana da ɗumi.

Hadari ya taso ta bayan Asawase,
fiffike ya yi sanyi, ya yi shiru,
ruwa ya wanke allinmu kafin mu auna na biyu.
Muka ruga, faifai a ƙarƙashin rigata.

Batirin da ya sha hantsi na ba Fuseina da ɗan ƙwan fitila.
Washegari da asuba na bi ta layinsu.
Uwarta na kwasar koko, ƙosai na iyo a mai,
bisa teburin kuwa, rataye da ƙusa,
ranar jiya ce ke haska canjin mutane.